Daga Shikago zuwa amapiano: inda kiɗan rawa na na'ura ya samo asali

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Zariya, kwanan nan na sa manhajar FL Studio a kwamfutata ina koyon haɗa kiɗa. Ina yawan ganin bidiyon wasu taruka na ƙasashen waje, dubban mutane suna tsalle, a gabansu mutum ɗaya ne tsaye bayan na'ura, ba makaɗi ba mawaƙi. Ana ce wa kiɗan EDM. Abokina ya ce kiɗan Turawa ne zalla, kuma babu wata gwaninta a ciki tunda kwamfuta ce ke yi. Don Allah daga ina ya faro, ta yaya ya mamaye duniya, kuma amapiano da muke ji a wajen biki danginsa ne?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: wa ya fara, ta wace hanya abin ya bazu, sannan ko aikin da ka sa kanka a ciki na gwaninta ne ko danne-danne ne kawai. Na daɗe ina aikin haɗa sauti a situdiyo, kuma maganar abokinka na sha jin irinta a bakin makaɗa da mawaƙa. Abin da yake gani a bidiyo gaskiya ne, manyan tarukan yau a Beljiyam da Holan da Amurka ake yin su, kuma yawancin waɗanda ke kan dandamali farar fata ne. Sai dai ƙarshen labarin ya tarar. Farkonsa yana unguwannin baƙaƙen fata na Shikago da Detroit, tsakanin 1977 da 1988, a hannun samarin da ba su da kuɗin ɗaukar makaɗa, sai tsofaffin na'urorin da kasuwa ta ƙi.

Matsalar da ta haifi kiɗan

Kafin na'ura, akwai wata damuwa da ta addabi masu sa faifai a gidajen rawa na New York a farkon shekarun 1970. Faifan garmaho na waƙa ɗaya minti uku ne ko huɗu. Mutane sun fara ɗaukar zafi ke nan sai waƙa ta ƙare, fili ya watse. DJ ya koyi ajiye garmaho biyu gefe da gefe, yana shigo da waƙa ta biyu kafin ta farko ta mutu. Amma mai ganga ɗan Adam ne, yakan ɗan yi sauri, yakan ɗan ja baya, don haka ɗora waƙa kan waƙa ba tare da an ji tuntuɓe ba aiki ne ja. Abin da DJ ke nema shi ne kiɗa mai tsawo, mai bugu daidai wa daida wanda ba ya gocewa. Bahaushe ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to a wannan tarihi rawar ce ta tilasta wa kiɗan ya sauya, kuma wanda ya riƙe wannan zai gane duk abin da ya biyo baya.

Disko, kiɗan rawar da ke tashe a shekarun 1970, ya kawo rabin maganin. Masu ganga irin su Earl Young na Philadelphia suka riƙa taka babbar ganga sau huɗu cif a kowane zagaye, dum dum dum dum, tamkar luguden mata a turmi, sauran kayan kiɗa suna wasa a samansa. Tom Moulton ya riƙa tsawaita waƙoƙi a situdiyo, kuma daga tsakiyar shekarun 1970 aka fara buga waƙa ɗaya tak a kan babban faifai mai inci 12, wanda ya fi ɗaukar ƙara da nauyin bes, wato sautin nan mai kauri na can ƙasa. A can Kingston ta Jamaika, King Tubby ya riga ya nuna cewa mai zama gaban teburin haɗa sauti zai iya cire murya, ya bar ganga da bes, ya mayar da tsohuwar waƙa sabuwa. Afirka ma tana wurin tun lokacin: "Soul Makossa" ta Manu Dibango ɗan Kamaru, wadda ta fito a 1972, daga liyafar David Mancuso da ake kira The Loft ta kama New York.

Turai ta ba da nata kason, kuma ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar Kraftwerk ta birnin Düsseldorf a Jamus ta yi shekaru tana gina kiɗa da na'urori zalla. A 1977 kuma, a Munich, Giorgio Moroder ɗan Italiya ya haɗa wa mawaƙiya Donna Summer "I Feel Love", inda kusan duk kiɗan ya fito daga na'urar ƙirƙirar sauti ta Moog. Ranar da wannan waƙa ta shiga gidajen rawa aka tabbatar cewa na'ura za ta iya riƙe fili.

Shikago

Ran 12 ga Yuli 1979, a filin wasa na Comiskey Park da ke Shikago, wani mai shirin rediyo, Steve Dahl, ya tara jama'a aka tarwatsa tulin faya-fayan disko da nakiya, taron ya rikiɗe ya zama tarzoma. Ba da jimawa ba manyan kamfanonin faifai suka janye kuɗinsu daga disko. Masu rawa kuwa ba su daina zuwa ba. A wani gidan rawa da ake kira Warehouse, wanda aka buɗe a 1977, akwai DJ ɗan New York mai suna Frankie Knuckles. Masu zuwa wurin yawancinsu baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, da yawansu masu neman jinsi ɗaya waɗanda sauran gidajen rawa ba sa maraba da su. Haka tarihin yake, kuma duk wanda ya ba ka shi ya tsallake wannan ya rage maka wani abu. Da sababbin faya-fayai suka yi ƙaranci, sai Knuckles ya koma kan tsofaffi. Ana naɗar waƙa a kan tef, a yanka da reza, a manna, a maimaita gaɓar da ta fi tada mutane. Daga baya ya fara kunna na'urar ganga a ƙarƙashin faifan don bugun ya ƙara nauyi. Daga sunan wannan gida ne, a ruwayar da ta fi yaɗuwa, aka samu sunan house.

A nan zan ɗan daɗe, domin na'urorin su ne zuciyar amsar da za ka kai wa abokinka. Kamfanin Roland na Japan, wanda Ikutaro Kakehashi ya kafa a Osaka a 1972, ya fitar da na'urar ganga TR-808 a 1980 a kan dala 1,195. Ƙwararrun makaɗa suka raina ta, domin sautinta bai yi kama da ganga ta gaske ba, cikin 'yan shekaru aka daina ƙera ta. A 1981 kamfanin ya fitar da TB-303, wata 'yar ƙaramar na'ura da aka yi don ta tsaya wa mai jita a matsayin mai kaɗa bes idan yana atisaye shi kaɗai. Ita ma ba ta karɓu ba, ga wuyar saiti, ga sauti mai kama da kukan roba. TR-909 ta biyo baya a 1983, ta tarar da irin wannan ƙaddara. Dukkansu suka gangara shagunan kayan gwanjo, inda yaron da ke da ɗan canji zai iya saya. Abin da ƙwararru suka ƙi shi ne ainihin abin da gidan rawa ke so: babbar gangar 808 tana da wani nishi mai zurfi da ke girgiza ƙirji a manyan lasifikoki, ta 909 kuma tana da naushi, kuma babu wadda ke gajiya ko ta goce ko da za a kwana.

A 1984 Jesse Saunders ya fitar da "On and On", wanda ake yawan lissafawa a matsayin faifan house na farko. Ba wani gagarumin aiki ba ne, kuma wannan ne ma amfaninsa, domin duk saurayin da ya ji sai ya ce ai ni ma zan iya. Rediyon WBMX yana watsa haɗe-haɗen wasu DJ biyar da ake kira Hot Mix 5, kamfanin Trax yana buga faya-fayai da araha, DJ Ron Hardy kuma yana gwada duk sabon tef da aka miƙo masa a gidan rawa na Music Box. Wasu samari uku da suka kira kansu Phuture suka samu 303 ta gwanjo. Maimakon su sa ta ta yi aikin bes, sai ɗayansu, DJ Pierre, ya bar ta tana maimaita layi ɗaya yana murɗa maɓallanta, sautin yana lanƙwasa yana tsiyaya. A yadda shi Pierre ya ba da labari, sau huɗu Hardy ya sa tef ɗin a dare ɗaya kafin fili ya karɓa. An buga shi a 1987 da sunan "Acid Tracks", kuma wani reshe sukutum ya fito daga nan. Kamfanin da ya ƙera na'urar bai taɓa nufin a yi haka da ita ba, kunnen mutum ne ya gano. Abin sha'awa a gare mu da muka tashi da finafinan Indiya shi ne, tun 1982 wani makaɗin finafinai a Bombay, Charanjit Singh, ya riga ya haɗa 303 da 808 ya kaɗa salon gargajiyar Indiya a kan bugun disko, amma faifan bai yi kasuwa ba sai da aka tono shi bayan shekaru da dama.

Detroit daban take. Birnin motoci ne da masana'antu suka fara gudu daga cikinsa, kamfanin faifai na Motown ma ya tattara ya koma Los Angeles a 1972. Wasu abokai uku da suka yi makaranta a garin Belleville da ke kusa, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka tashi suna sauraron wani mai shirin dare a rediyo, Electrifying Mojo, wanda ke sa Kraftwerk da Prince da Funkadelic a zama ɗaya. Kiɗansu ya fi na Shikago sanyi da kaɗaici, ba ya jingina da murya, tunanin gobe ya fi yawa a cikinsa. Atkins ya kafa kamfaninsa Metroplex a 1985, kuma a 1988 wani kamfanin Birtaniya ya tattara ayyukansu a faifai ɗaya ya sa kalmar techno a bangonsa, sunan ya zauna. Ni a wurina aikin Detroit na waɗannan shekaru shi ne mafi zurfi a duk wannan tarihi, kuma har yau in kunnena ya gaji da hayaniya can nake komawa.

Yadda ya haye teku

A Amurka manyan gidajen rediyo da manyan kamfanoni ba su kula 'yan Shikago da Detroit ba. Ingila ce ta fara rungumarsu. A Janairun 1987 wani faifan Shikago na Steve "Silk" Hurley ya hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin Birtaniya. A bazarar wannan shekara wasu DJ na Landan, cikinsu da Paul Oakenfold da Danny Rampling, suka je tsibirin Ibiza na Sifaniya suka ji yadda DJ Alfredo ke gauraya kiɗa a gidan rawa na Amnesia, suka dawo suka buɗe nasu wuraren. Gidan rawa na Haçienda da ke Manchester shi ma ya kama. A 1988 da 1989 matasa suka riƙa cika rumbunan ajiya da gonaki, ana kwana ana rawa ba da izinin hukuma ba. Bayan wani taro na kusan mako guda a Castlemorton a 1992, majalisa ta yi doka a 1994 wadda ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa irin waɗannan taruka, har dokar ta siffanta kiɗan da cewa sauti ne mai bugu a jere ana maimaitawa.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙwaya tana cikin abin da ya hura wannan wuta, musamman wadda ake kira ecstasy, kuma ta ci rayukan matasa. Ina faɗa maka ne domin mu ma a nan mun ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa yara masu basira, wasu a situdiyo na san su. Waɗanda suka daɗe a sana'ar nan su ne waɗanda suka riƙe hankalinsu. Kar wani ya ce maka sai da ita ake jin kiɗa.

Berlin ta zo da nata yanayin. A Yulin 1989 mutane wajen 150 suka yi jerin gwanon rawa na farko na Love Parade, watanni kaɗan kafin katangar da ta raba birnin gida biyu ta faɗi. Faɗuwarta ta bar gine-gine birjik babu mai su a gabashin birnin, matasan ɓangarorin biyu suka haɗu a cikinsu. Gidan rawa na Tresor, da aka buɗe a 1991 a ɗakin ajiyar kuɗi na wani tsohon kanti, ya riƙa gayyato 'yan Detroit irin su Jeff Mills, waɗanda a garinsu ba a san darajarsu ba. Zuwa 1999 Love Parade tana tara mutum wajen miliyan ɗaya da rabi. Ta ƙare da baƙin ciki a Duisburg a 2010, inda turmutsutsu ya kashe mutum 21. Daga nan kowane gari ya lanƙwasa kiɗan yadda ya ga dama: trance a Frankfurt, gabber mai tsananin gudu a Rotterdam, jungle da drum and bass a hannun 'ya'yan Jamaikawan Landan, dubstep a Croydon.

Sunan EDM kuwa, wato electronic dance music, kiɗan rawa na na'ura, na baya-bayan nan ne a bakin jama'a. Wajen 2010 masu harkar nishaɗi a Amurka suka ga akwai kuɗi, suka nemi suna mai tsabta da ba ya tuna wa iyaye da hukuma tarukan ƙwaya. Wasan Daft Punk, wasu Faransawa biyu, a bikin kiɗa na Coachella a 2006 ya nuna musu yadda fitilu da allo za su mayar da mutum biyu da na'ura abin kallo. Taron Electric Daisy Carnival ya koma Las Vegas a 2011, DJ Skrillex ya ɗauki lambar yabo ta Grammy uku a 2012, taron Tomorrowland na Beljiyam da aka fara a 2005 ya zama abin da kake gani a bidiyo. Kiɗan ma ya sauya siffa. Na Shikago a hankali yake ginuwa, DJ yana jan mutane awa biyar ko shida. Na babban dandamali kuwa an gina shi ne a kan a ɗaga mutane sama, a yi shiru na daƙiƙa, a sako bugu gaba ɗaya, a sake maimaitawa bayan minti biyu. Akwai gwanaye a ciki, amma ni ina ganin an yi asarar haƙuri, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka tara dukiya a kan harsashin mutanen da yawancin masu tsallen ba su taɓa jin sunansu ba. Gudun kuɗin ma bai bar na saman lafiya ba: kamfanin SFX da ya saye taruka da dama ya durƙushe a 2016, fitaccen DJ Avicii kuma ya rasu a 2018 yana da shekara 28 bayan ya daɗe yana kukan wahalar yawon wasa.

Amapiano, da kai kanka

E, danginsa ne, jika ne ma. Faya-fayan house sun shiga Afirka ta Kudu tun ƙarshen shekarun 1980. Matasan Soweto suka rage masa gudu, suka ɗora harsunansu, aka samu kwaito daidai lokacin da mulkin wariyar launin fata ke rushewa. Durban ta fitar da gqom mai karyayyen bugu a farkon shekarun 2010, unguwannin Pretoria da Johannesburg kuma suka fitar da amapiano a tsakiyarsu. House yakan yi gudun bugu 120 zuwa 130 a minti, amapiano yana wajen 110 zuwa 115, kuma wannan ɗan sassauci shi ya ba ƙugu da kafaɗa wurin motsi. Nishin nan mai kama da ganga mai kama da bes da ake kira log drum, sauti ne da ke cikin FL Studio ɗin da ke kwamfutarka yanzu haka, wasu ne suka zauna suka murɗa shi har ya zama nasu. Labarin 303 ne ya maimaita kansa. DJ Black Coffee ɗan Afirka ta Kudu ya ci Grammy a 2022 a rukunin kiɗan rawa na na'ura.

Mu ma ba baƙin na'ura ba ne. Mamman Sani na Nijar tun ƙarshen shekarun 1970 yake kaɗa waƙoƙin ƙasar da fiyanon lantarki, ana sa kiɗansa a rediyo da talabijin a Yamai, kuma kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikinsa a 2013. Nasa ba na gidan rawa ba ne, na natsuwa ne. Waƙoƙin finafinanmu na Kano tun shekarun 1990 da fiyanon Yamaha aka gina su. Ba daga Shikago suka fito ba, hanyarsu daban, amma dalilin ɗaya ne: mutum ɗaya da na'ura ɗaya ya fi sauƙin biya a kan tawagar makaɗa.

Game da gwaninta, ga abin da nake gani a aiki. Yara suna kawo mini kiɗan da suka haɗa, a waya yana da daɗi, da an sa a manyan lasifikokin ɗakin biki sai ya zama gunji, domin babbar ganga da bes suna kokawa a wuri ɗaya, kowa yana danne kowa. Kwamfuta ba za ta gaya maka haka ba. Ba za ta gaya maka inda za ka cire komai ka bar tafi kaɗai ba, ko sau nawa za a maimaita layi kafin ya gundure. Haka in ka naɗi kalangu ka tilasta masa ya hau layukan manhaja daidai, za ka kashe shi, domin daɗinsa yana cikin ɗan jinkiri da ɗan gaggawar hannun makaɗin da yadda yake matse tsarkiya. Nakan bar kalangun yadda aka kaɗa shi, in sa na'ura ta bi shi. Gaskiyar abokinka ɗaya ce: akwai masu jera sautukan da wasu suka riga suka haɗa su kira shi nasu, akwai kuma DJ da ke kunna abin da ya naɗo daga gida yana ɗaga hannu. Waɗannan ana gane su da wuri.

Hanya biyu ce a gabanka. Za ka iya kwaikwayon abin da ke tashe, ka yi amapiano irin na kowa, za ka samu aikin biki da wuri kuma ba laifi ba ne, da shi ake sayen kayan aiki. Ko kuma ka ɗauki hanya mai tsawo, ka je wurin masu kalangu da kotso da gurmi da duman girke, ka biya su haƙƙinsu, ka naɗi sautinsu da izininsu, ka gina naka. Ni ta biyun nake so maka, ko da za ka riƙa cin abinci da ta farko. Ka fara da sauti huɗu kacal, babbar ganga, tafi, bes da abu ɗaya mai daɗin ji, kar ka ƙara na biyar sai huɗun sun sa ka gyaɗa kai na minti biyar.

Layin da na bi na Amurka da Turai da Afirka ta Kudu ne, na bar Japan da Brazil da Angola da Goa ta Indiya, kowacce da nata babin. Batun matsayin kiɗa a addini kuma, wanda na san zai taso a gida ko a makaranta, wannan fagen malamai ne, ni mai haɗa sauti ne, ka kai musu tambayar kai tsaye. In ka gama haɗa na farko, ka saurare shi a waya, a cikin mota, da kuma babbar lasifika kafin ka tura wa kowa.